Ranar da Mama Ta Ga Jirgin Kawu

Mu mutanen Zuru in muka ce tasha, tashar mota muke nufi. Layin dogo bai taɓa zuwa ƙasarmu ba. Ina koyarwa a wata firamare a bakin gari, a shekarun nan da wayar salula ta fara shigo mana, nakan ɗaga littafi in nuna wa yara hoton jirgin ƙasa, in yi musu bayani da ƙarfin gwiwa, alhali ni ma ban taɓa ganin sa ba sai a talabijin.

Amma muna da mutum ɗaya a dangi da ya san jirgi ciki da waje, wato Kawu, ƙanen mahaifiyata, autan ɗakinsu. A gidajenmu namiji in ya tasa, ko dai ya riƙe fartanya ko ya tafi soja. Babana soja ne, yayyen Mama maza biyu su ma sojoji ne. Kawu ma ya je wurin ɗaukar soja, aka auna tsawonsa, aka ce ya koma gida ya ƙara cin tuwo. Kunya ta hana shi komowa ƙauye. Ya hau bayan wata motar kaya har Zungeru, ya sami aikin lebura a reluwe, yana sassabe ciyawar gefen layi. Daga nan ya zama mai juya layi, ya zama mai sayar da tikiti, har dai aka ba shi shugabancin wata 'yar tasha a daji, kafin a kai Zungeru in an fito daga kudu.

Duk Kirsimeti yakan zo gida, ya zauna a gindin ɗorawar gidan Mama a wajen garin Manga, ya yi ta ba da labarin jirgi. Mama kuwa ba ta taɓa wuce Kontagora ba. Babana ya yi ta yawo bariki-bariki har ya rasu, amma ta ƙi bin sa, ta ce in ta tafi wa zai kula da gona da tsohuwarsa. Takan saurari Kawu tana ɓarar gyaɗa, in ya kai aya sai ta ce, "Auta, wannan jirgin naka da ya fi layin gidajen kasuwa tsawo, sau nawa za ka zo mana a motar haya kana ba mu labarinsa? Ka zo da shi mana mu gani." Da yarenmu suke magana, C'lela, ni ce nake mayar da ita Hausa a nan. Kawu yakan yi dariya ya ce, "Yaya, ke za ki je wurinsa, ba shi zai zo wurinki ba."

Wata rana da damina, ana gab da ba mu hutu, wayata ta yi ƙara ina cikin aji. Sabuwa ce a lokacin, ina ji da ita. Na ji muryar Kawu yana ta ihu kamar yana can ƙetaren kogi. Ya ce takardarsa ta ritaya ta iso, ƙarshen shekara zai miƙa makullai. "Ki kawo mini Yaya ta ga tashata kafin in bar ta. Jirgin fasinja yana wucewa ran Asabar. Ku zo ran Alhamis." Kafin in ce wani abu waya ta yanke.

Na ɗauka Mama za ta ƙi, don dawarta na jiran maimai, wato noma na biyu. Amma sai ta ce, "Kwana uku dai ko? To, mu je in gani da idona, kada in mutu ina ce wa ɗan mutane maƙaryaci." Ta kama zakara, ta ɗaure garin dawa da daddawa, ta naɗe zanenta na zumuntar matan coci, wanda ba ta ɗaurawa sai ran taro ko biki.

Mun tashi da sassafe, muka bi ta Rijau da Kontagora da Tegina, muka sauka Zungeru rana ta karkata. Daga nan 'yan kabu-kabu biyu suka kwashe mu ta wata hanyar daji mai taɓo, Mama na gaba da zakara a hammata, ni ina baya da kaya. Muna fita daga cikin wata gonar masara sai ga ƙarafa biyu kwance a ƙasa, sun miƙe sambal har inda ido ya tsaya. Mama ta sa aka tsaya. Ta sauka, ta taka ɗaya da ƙafa, ta duba gabas ta duba yamma.

"Wannan ce hanyar tasa? Ai ko amalanke ya fi ƙarfin wannan faɗin."

Tashar gini ne ɗaya na dutse da rufin kwano mai tsatsa, da baranda mai ginshiƙan ƙarfe. Akwai ɗakin shugaban tasha, da 'yar tagar sayar da tikiti, da ɗakin jiran fasinja mai benci huɗu. A gaba akwai dogon dakali na siminti inda mutane ke tsayawa su hau jirgi, a can ƙarshensa kuma wani tankin ruwa na ƙarfe a kan dogayen ƙafafu, da tsani a jikinsa. Bayan tashar gidajen ma'aikata ne guda shida, biyu kaɗai ke da mutane: na Kawu da matarsa, da na wani dattijo Banufe mai juya layi, wanda suka fi shekara ashirin suna aiki tare. Ƙauyen kansa yana can gaba kaɗan, bayan itatuwan mangwaro.

Kawu ya tarye mu da gudu, ya durƙusa ya gaida Mama, matarsa ta karɓi zakara tana guɗa. Abin da na fara tambaya shi ne inda yake samun sabis ɗin waya, don tawa ta mutu murus tun da muka bar titi. Ya nuna mini saman tankin.

"Can, Malama. Matakala ta goma sha biyu, in ka juya wajen gabas. Wayar tasha ta daɗe da yin shiru, sai da wannan muke jin labarin jirgi."

Na gane dalilin ihun da ya yi mini. Mutum mai shekara kusan sittin, hannu ɗaya a tsani, ɗaya a kunne.

Ran Juma'a da safe na ga abin da ya ba ni mamaki. Ba jirgin da ake sa rai, amma ƙarfe bakwai Kawu ya fito cikin farin kaki mai guga, da hula, da usur a wuya. Ya buɗe ofis, ya share, ya buɗe tagar tikiti, ya buga wani guntun ƙarfen dogo da aka rataye a baranda a madadin ƙararrawa. Dattijon Banufe ya ɗauki gwangwanin baƙin mai ya tafi shafa wa ƙarafan juya layi. Mama ta tambayi Kawu wa yake buɗe wa taga tun da ba kowa. Ya ce, "Yaya, ke ma ai kina zuwa gona ran da ba ruwa."

Bayan mun karya ya zaga da mu. Ya ce tun zamanin Turawa aka gina tashar, ba don yawan mutanen wurin ba, sai don akwai rafi kusa, jirgin wancan lokaci kuwa da kwal da ruwa yake tafiya, dole ya tsaya ya sha. Tankin nan shi ne randarsa. Ƙauyen ma daga baya ya taru, Gwarawa da Nufawa da Fulani, kowa ya matso kusa da inda ake ciniki. Ya nuna mana wani kango da ciyawa ta cinye, ya ce sito ne, nan ake jibge buhunan gyaɗa da auduga da kaɗanya. Ya nuna wani gajeren layi da ya ratse gefe, inda ake loda shanu zuwa kudu.

Dattijon Banufe ya sa baki, da Hausarsa mai daɗin saurare. "Lokacin da na kama aiki, Mama, jirgi shida, bakwai ke wucewa a yini. Na fasinja, na kaya, na shanu, na mai. Ba ka gama cin tuwo sai ka ajiye ka ruga. Matan garin nan da cinikin bakin jirgi suka aurar da 'ya'yansu. Doya, ƙwai, kifi, nono, kafin jirgi ya tashi faranti ya zama wayam."

"To yanzu fa?" in ji Mama.

"Yanzu na fasinja ɗaya ya hau arewa, ɗaya ya gangara kudu a mako. Na kaya kuwa sai ya ga dama. Manyan motoci sun kwashe kayan."

A ofis Kawu ya buɗe wani akwatin katako mai ramuka-ramuka, cike da tikiti na kwali, kowane rami da sunan gari. Ya riƙa zaro su yana karanta wa Mama: Minna, Kaduna, Zariya, Kano, Jebba, Ilori, Ibadan, Ikko. Ta karɓi na Kaduna ta jujjuya shi, don a can Babana ya fi daɗewa. Ta ce, "Ashe da wannan ɗan abin ake zuwa." Ta mayar masa a hankali.

Ran Asabar tun da hantsi Mama ta yi wanka, ta ɗaura zanen zumunta da kallabinsa, ta zauna a bencin baranda, hannaye a kan cinya kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Kawu ya ce in jirgin ya zo za mu hau shi zuwa Zungeru, daga can mu kama motar gida, don haka muka ɗaure kayanmu muka ajiye a bakin ƙofa. Wasu fasinjoji biyar ko shida suka zo da buhunan doya, suka shimfiɗa tabarmi a ɗakin jira. Ganin tabarmin nan ya kamata in gane wani abu, amma ban gane ba.

Kawu ya hau tanki da azahar, ya sauko ya ce jirgin yana Ilori. Ya sake hawa da la'asar, ya ce har yanzu yana Ilori, ana duba kansa. Da rana ta faɗi matar Kawu ta yanka zakaran da muka kawo, ta ce gara a ci shi tun yana da ƙiba, don ta san irin wannan jira. Mama ta kwance zanenta ta ninke, sai da muka zauna cin tuwo ta dubi ƙanenta.

"Auta, a nan ma labarin za mu ci gaba da ji?"

"Gobe, Yaya. In Allah ya yarda gobe."

Lahadi muka yi sujada a ɗakin jiran fasinja, mu huɗu da wasu Gwarawa daga ƙauye da wata mai sayar da magani. Kawu ne ya yi karatu. Da aka zo addu'a Mama ta roƙa wa dawarta, ta roƙa wa jikokinta, sa'an nan ta ce, "Ya Ubangiji, in akwai jirgin nan, ka turo shi." Muka ce amin muna danne dariya. Dattijon Banufe, wanda yake zaune a waje a gindin mangwaro da carbinsa, ya tambayi abin da ta ce. Da aka fassara masa ya ce shi ma ya sa hannu a wannan roƙo.

Ranar aka ce jirgin ya ƙetare Jebba. Mama ta sake ɗaura zane, ta sake kwancewa.

Mahaifiyata ba ta iya zaman banza ba. Ran Litinin da na farka ban gan ta ba. Na fito na tarar ta karɓi fartanyar matar Kawu tana nome ciyawar da ta fito a tsagogin dakalin tasha. Kawu yana bin ta yana roƙo, wai mutane za su ce ya kawo yayarsa aikin lebura. Ta ce, "Ka yi guga ka sa farin kaya, ga tasharka kamar kufai. In baƙon naka ya zo, a nan zai sauka?" Kafin azahar ta gama da dakali. Fasinjojin da ke kwance a ɗakin jira kunya ta kama su, biyu suka tashi suka kwashe ciyawar da ta tara. Da yamma ta gangara gonar gyaɗar matar Kawu da ke gefen layi, ta duba, ta girgiza kai, ta ce kunyoyin gonar sun yi faɗi, ba haka ake yi a wajenmu ba. Ita da matar Kawu suka yi ta gardama a kan haka har duhu ya fara, suna dariya, kowa na cewa nata ne daidai.

Ni kuwa na sami aikin hawa tanki. Na ce wa Kawu ya huta, ni zan riƙa hawa. Daga matakala ta goma sha biyu ana ganin daji kore shar, da rafin da jirage suka sha, da layin nan yana ƙyalli har ya shige cikin itatuwa. Wani ma'aikaci a tashar da ke gabanmu ta kudu yakan amsa, ya ce, "Ki gaya wa Oga yana Mokwa," ko kuwa, "Ki gaya wa Oga ya motsa, amma ya sake tsayawa."

Daren Litinin kafin mu kwanta Mama ta yanke magana. Ta ce Laraba da safe za ta tafi, ko da jirgi ko babu, don ciyawa ba ta jiran kowa. Kawu ya sunkuyar da kai. Na ji tausayinsa ƙwarai. Mutumin da ya ba aikin nan ƙuruciyarsa duka, abu ɗaya yake so ya nuna wa yayarsa, abin kuma ya ƙi zuwa.

Talata Mama ba ta ko kalli zanen zumunta ba. Ta ɗaura tsohon zanen matar Kawu ta shiga gonar gyaɗa, don an yi ruwa da asuba ƙasa ta yi laushi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na hau tanki ba tare da wani sa rai ba. Ma'aikacin nan ya ɗauki waya tun kafin ta yi ƙara sau biyu.

"Ya baro mu yanzun nan! Ki ce wa Oga ya shirya!"

Ban san lokacin da na kwarma ihu ba. "Kawu! Ya taso! Ya taso!"

Kawu ya fito ya kama guntun ƙarfen nan da duka kamar zai fasa shi. Ban taɓa ganin wuri ya farka haka ba. Kafin in gama saukowa, hanyar ƙauye ta cika da mata, kowace da faranti a ka: dafaffiyar masara, gyaɗa, soyayyar doya, ƙwai, ƙosai da bai gama hucewa ba. 'Yan matan Fulani suka ɓullo ta cikin masara da ƙoren nono. Masu doya suka naɗe tabarmi suna jan buhuna. Dattijon Banufe ya wuce da sassarfa da tutocinsa biyu, ja da kore, amma ya tsaya ya kira Mama, wadda take tsaye a gona da taɓo har gwiwa.

"Mama, zo ki dafa nan."

Ta zo ta ɗora tafinta a kan ƙarfen dogo. Ta yi jim, sai ta janye hannu da sauri.

"Yana rawa!"

"Shi ne. Maza ki je ki shirya."

Ban taɓa ganin Mama ta yi wanka da sauri irin na ranar ba. Ni da matar Kawu muka ɗaura mata zane, kallabi ya karkace, ba wanda ya kula. Muna isa dakali muka ji kukansa daga nesa, dogo, mai kauri, irin wanda ake ji a ƙirji kafin kunne. Sai ga kansa ya fito daga cikin itatuwa, fitila a goshi da rana tsaka, hayaƙi na tashi. Ƙasa ta ɗauki rawa. Mama ta damƙe wuyan hannuna har sai da na ji zafi, amma ba ta ja da baya ko taki ɗaya ba. Ni ce ma, mai koya wa yara jirgi, na ɓuya a bayanta.

Kawu yana tsaye a bakin dakali, shi kaɗai, cikin farin kakinsa. Gajere ne, na faɗa, kuma a gaban wannan abu ya ƙara ƙanƙancewa. Ya ɗaga jar tuta, ya busa usur. Jirgin ya yi ta ƙugi yana huci, tarago na bin tarago, fuskoki cike da tagogi, har ya tsaya cik. Direban ya leƙo ya sara masa.

Mama ta juyo ta dube ni. "Auta ne ya tsayar da shi?"

"Shi ne, Mama."

"Da wannan ɗan ƙyallen?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ratsa masu talla ta je ta kama kafaɗarsa, a gaban ma'aikatan jirgi da kowa, ta ce, "Na gani. Waɗanda suka auna ka suka ce ba ka kai ba, su ne ba su iya awo ba." Kawu ya cire hula, ya mayar, ya goge ido da bayan hannu, sa'an nan ya tuna yana bakin aiki. Ya danƙa mini tikiti biyu, ya ce mu yi maza, minti biyar kawai yake tsayawa.

Matattakalar jirgin ta yi wa Mama tsawo. Matar Kawu ta tura ta baya, wani fasinja ya jawo ta ta sama, aka jefo mana kayanmu ta taga tare da ƙullin gyaɗa da masara mai zafi. A ciki ba masaka tsinke. Mutanen nan sun kwana huɗu a hanya, sun zama kamar 'yan gida ɗaya. Ga huhunan goro, ga kwalaye, ga jarkokin manja, wata ta shanya kayan jaririnta a igiya, wasu na karta a kan akwati. Muka tsaya a tsakiya muna riƙe da bayan kujera.

Usur ya sake tashi, jirgin ya yi wata girgiza, muka yi baya muka yi gaba. Mama ta rufe ido ta fara addu'a da ƙarfi da yarenmu, tana ba Ubangiji amanar ranta da nawa. Tana kai ƙarshe sai muka ji wata murya daga can kusurwa ta amsa, ita ma da yarenmu, har da gaisuwar da ake yi wa uwa. Mama ta buɗe ido tana waige-waige. Wani soja ne, kakkaura, da jakarsa a cinya, ya miƙe yana washe baki.

"Ɗan wane ne kai? Daga ina?"

Ya ce shi mutumin wajen Wasagu ne, daga barikin Ibadan ya fito, hutu zai je gida, shekara biyu ke nan bai ji yarenmu daga bakin tsohuwa ba. Ya ba ta kujerarsa ta bakin taga. Kafin ta zauna ta leƙa, muka hango Kawu can baya ya ɗaga koren tuta, matarsa na ɗaga hannu biyu, har kwana ta ɓoye su.

Tafiyar ba ta fi awa ɗaya da rabi ba, amma Mama ta ci ribarta. Ta bi dangin sojan nan gida-gida har ta gano wata gwaggonsa da aka aurar a Mahuta, wadda suka taɓa haɗuwa a taron zumunta. Ta raba masarar da aka ba mu ga duk wanda hannunta ya kai. Gonakin da muke wucewa kuwa ba wadda ta tsira daga bakinta: wannan mai gonar rago ne, wancan ya yi shuka a makare, wancan dai ya san aiki. Da muka hau gadar kogin Kaduna, ƙarar ta sauya, ruwa ja ya bayyana a ƙarƙashinmu ta kowane gefe, sai ta bar zancen gonaki. Ta kama hannun sojan da hannu ɗaya, nawa da ɗaya, har muka ƙetare. Sa'an nan ta saki numfashi ta ce, "To, wannan kam Auta bai faɗa mini ba."

A Zungeru muka sauka mu uku. Sojan ya ɗauki kayanmu duka ya haɗa da nasa, ya yi mana cinikin mota. Muka kwana Kontagora gidan wata 'yar'uwar Babana, washegari da hantsi muka shiga Zuru. A tasha ya durƙusa ya yi wa Mama sallama, ta sa masa albarka, ya hau kabu-kabu ya nufi gida.

Duk wanda na ba wannan labari sai ya yi murmushi ya tambaye ni ko sojan nan ne mijina. Ba shi ba ne. Yana da mata da 'ya'ya biyu, hotonsu ma ya nuna mana tun kafin mu kai gada.

Kawu ya miƙa makullai a ƙarshen shekara ya komo gida, ya kama noma kusa da gonar Mama, ita ce ma ta koya masa yin kunyar shuka daga farko, don hannunsa ya manta. Amma kafin zuwansa, bayan kamar mako uku da dawowarmu, ina gidan Mama ran wata Asabar sai ga kabu-kabu ya tsaya a ƙofa. Wata tsohuwa siririya ta sauko da zabuwa a hannu, tana tambayar gidan matar da ta ba ɗanta masara a jirgi. Uwar sojan ce, ta taso takanas daga Wasagu. Ta ce tun da ya zo ba ya da zance sai na wata uwa da ya samu a hanya, shi ya sa ta ce bari ta zo ta ga wadda ake haɗa ta da ita.

Suka rungume juna kamar sun shekara da sani. Aka shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa da kunu. Baƙuwar ta sha, ta ajiye kwanon, ta matso kusa da Mama ta rage murya.

"Ke 'yar'uwa, gaya mini gaskiya. Yaron nan ya ce har makewayi akwai a ciki, mutum ya shiga jirgi na tafiya. Haka ne?"

Mama ta gyara zama. Ta ce in je in ɗora tukunya, baƙuwarta ba za ta koma yau ba, don maganar tana da tsawo. Kwana biyu ta yi a gidanmu.